Kwalaben Malam Sada

Ranar wata Talata, cikin bazarar 1994, aka kori Malam Sada na Wurno daga wurin aikinsa, aka ƙone masa kwalabe ɗari biyu da 'yan kai da ya yi shekara shida yana tarawa, aka kira shi matsafi a bainar jama'a. Ba a zaunar da shi an tambaye shi ba. Yau shekara bakwai ke nan, kuma mutumin da ya liƙa masa wannan suna ya daɗe da sanin cewa ƙarya ce, amma har yanzu bai buɗe baki ya janye ba.

Sada ba wani babban mutum ba ne, kada a zaci ɗan sarauta ake wa kuka. Ɗan manoma ne, siriri, marar yawan magana. Ya yi karatun allo har ya sauke, bai taɓa zama a ajin boko ko na wuni ɗaya ba. Abu biyu aka san shi da su a unguwarsu: shi ne ladanin masallacinsu tun yana saurayi, kuma mutum ne mai ido. In allura ta faɗi cikin rairayi, shi ake kira. Gonar da ubansu ya bari ta yi musu kaɗan shi da ƙannensa, shi ya sa ya nemi aikin lebura a wata gonar gwaji da ke bayan Birnin Kudu, wadda mutane ke kira Gidan Iri. Lokacin ana Jihar Kano. Kullum in ya kira asuba aka idar, sai ya hau kekensa ya tafi. Azahar da la'asar wani ke riƙe masa, magariba kuwa ko ana ruwan ƙanƙara a Wurno take samunsa. Aikinsa a can huɗa da noma da korar tsuntsaye, da ɗaukar duk abin da aka ce ya ɗauka.

Matarsa Hapsatu ce ta jawo maganar, ba da niyya ba. A Gidan Iri ana gwada wata sabuwar dawa, gajera, mai saurin nuna, kanta a dunƙule kamar an matse shi da hannu. In an gama awo sai a raba wa leburori abin da ya rage. Da Hapsatu ta zuba tasu a turmi za ta yi surfe, sai ta ji taɓarya na nutsewa kamar cikin toka. Ƙwayar ta farfashe, rabi ya bi dusa. Ta tuƙa tuwo ya ƙi ɗaurewa, da safe kuwa babu zancen ɗumame, ya saki ya koma kunu.

"Malam, dawar nan taku ta 'yan boko ba ta da ƙashi," in ji ta. "Ko ita ma sai an kaɗa mata ƙararrawa take tashi?"

Sada ya yi dariya, amma ya ɗebi ƙwayar a tafin hannunsa ya fita haske. Ya ga kowace da ɗige-ɗige jajaye kamar an sossoka mata allura, wasu sun motse, wasu sun fara baƙi. Ba aikin tsuntsu ba ne, ba kuma ƙwaron rumbu ba ne, tunda ko rumbun ba ta shiga ba. Ya riƙe abin a ransa har wata daminar. Da dawar ta fitar da kai, ƙwaya tana ruwa-ruwa, sai ya tanƙwaro zangarniya ɗaya da sassafe ya karkaɗe ta cikin hularsa. Sai ga cikin hular yana motsi. Kwana tara ya yi yana tsugunne a gindin dawa lokacin da sauran leburori ke hutawa a inuwa, suna masa ba'a wai ya samu sabbin surukai. Bai kula su ba.

Mai lura da sha'anin ƙwari a Gidan Iri wata mata ce, Malama Rebecca, mutuniyar wajen Kafancan, Hausa a bakinta kamar a Fagge aka haife ta. Leburori na shakkarta don ba ta haɗa aiki da wasa. A rana ta goma Sada ya kai mata hularsa a damƙe. Ta juye abin da ke ciki a faranti, ta yayyafa sifirit, irin wanda ake goge fata da shi kafin allura, ƙwarin suka daina motsi. Kafin ta ɗauko gilashinta mai ƙara girman abu, Sada ya sa tsinke ya raba su kashi uku.

Ya ce mata wannan ɗan mitsitsin, baƙi da fari, bai taɓa ganin ya taɓa ƙwaya ba, 'yan'uwansa yake farauta, a ƙyale shi. Wannan mai launin ƙaiƙayi yana sha, amma ba shi da yawa. Na ukun shi ne ɓarawon. Tsawonsa bai kai ƙwayar shinkafa ba, launinsa tsakanin ƙasa-ƙasa da kore, bayansa da ɗan doro, ga ɗigo biyu baƙaƙe a kafaɗa kamar idanu, ga ƙahonni biyu masu kauri daga gindi. Yana da wani siririn baki da yake kwantarwa ƙarƙashin ƙirji, sai zai sha yake miƙe shi. Wasu koraye marasa fiffike da ke cikin farantin kuwa ba wani iri ba ne daban, 'ya'yansa ne, don ya ga uwar tana huda ƙwayar dawa tana sa ƙwai a ciki.

Rebecca ta duba da gilashi, ta buɗe littafinta, ta sake dubawa. Sannan ta ɗago ta kalle shi.

"Malam Sada, da me ka ga ɗigon nan?"

"Da wanda Allah ya ba ni, Malama."

Ta faɗa masa sunan ƙwaron na littafi, wani dogon suna da ya ƙi zama a harshensa. Shi dai ya ci gaba da kiransa mai-ɗigo-biyu, har ita ma ta koma kiransa haka.

Sanin ɓarawo daban, sanin inda yake kwana daban. Abin da ya dami Rebecca shi ne, in aka gama gwaji za a raba irin nan ga manoma, kuma in aka kai shi inda ƙwaron ya yi yawa, an cuci mutane da sunan taimako. Dole a san ina yake, ina ba ya nan. Motar ofis wata ta yi aiki wata ta kwanta, kuma ita baƙuwa ce, ba kowane manomi zai bar ta ta kutsa masa gona ba. Sada kuwa yana da keke, kuma duk inda ya ce shi ne ladanin Wurno ɗan wane, sai a ce ya shiga. Sai ta ɗora masa aikin.

Da sassafe ake yinsa, raɓa ba ta bushe ba, ƙwarin ba su yi ƙarfin tashi ba. Zai zura wa zangarniya leda, ya damƙe bakin, ya tanƙwara, ya bubbuga. Kai goma a kowace gona. Ya ƙirga abin da ya faɗo, ya tsinci kaɗan ya jefa cikin 'yar kwalba mai sifirit. Kwalaben na allura ne, masu murfin roba, waɗanda Rebecca ke roƙowa daga asibiti ta wanke ta dafa. Sai takarda. Ta koya masa ya rubuta da fensir, don tawada narkewa take a sifirit, kuma ya sa takardar a ciki tare da ƙwaron, don ta waje ɓallewa take yi. Da ajami yake rubutawa, shi ya iya. Gona a ƙauye ba ta da lamba, sunan mai ita shi ne adireshinta, don haka da sunan mai gona yake farawa, sannan gari, sannan wata, sannan yawan ƙwari. Shi da kansa ya ƙirƙiro ɗaura zare a wuyan kwalba don kada ya sha wahalar rarrabewa: ja na ɓangaren Gwaram, baƙi na ɓangaren Birnin Kudu. Gonar da ya bubbuga bai samu komai ba, ita ma da kwalbarta, takarda ce kawai a ciki. Rebecca ta ce masa "babu" ma amsa ce, kuma ta fi "akwai" wuyar samu.

Damina bayan damina abin ya fara fitowa fili a kansa, kamar yadda mai kiwo yake sanin inda ciyawa take. A Kwandiko da fadamun da ke bin kogi ta wajen Gwaram, in ya bubbugi kan gajerar dawa sai ya gaji da ƙirga, hamsin, saba'in, ledar ta yi baƙi. A gona guda kuma, farfarar da kakanni suka bari, mai sakakken kai da iska ke ratsawa, ƙaiƙayi ya rufe mata ƙwaya, uku ko huɗu zai samu. Sundimina sai yadda shekara ta kama: in ruwa ya yi yawa ga shi nan, in an yi fari sai ɗai-ɗai. A jigayin Wurno kuwa, inda ƙasa ke shanye ruwa kafin ka juya, yawancin kwalabensa takarda ce zalla.

Abu ɗaya ya hana shi sukuni. In an yi girbi, ina ƙwaron ke zuwa? Rebecca ta ce littafinta bai faɗa ba. Rani biyu yana bubbugar duk wani tsiro mai fure da ya gani, har matan Kwandiko suka fara tambayar juna ko lafiyarsa ƙalau. A rani na uku ya same shi a furen zurma, wadda ke tsirowa a bakin rafi da bayan gidaje, ba mai shuka ta, ba mai cire ta. A nan yake raƙuɓewa ya jira dawa. Ranar ya dawo gida yana ta murmushi shi kaɗai, Hapsatu ta ce in kishi ake yi da ƙwaro da tuni ta yi yaji.

Sauran abu guda, wanda shi ne ya zame masa tsautsayi. Ɗakin ajiyar Gidan Iri rufin kwano ne. In bazara ta kama sai sifirit ya tsere ta gefen murfi, ƙwarin su bushe su zama gari. Sun yi asarar kwalabe talatin a haka. Sada ya tuna yadda ake binne gindin randa a jiƙaƙƙen yashi don ruwa ya yi sanyi. Sai ya sayo tukwane uku, ya jera kwalaben a ciki, ya cike da yashi, ya rufe da kasko, ya haƙa rami a inda inuwa ta fi kauri a duk harabar ya binne. Inuwar kuwa ta wata tsohuwar tsamiya ce. Rebecca ta ga dabarar ta yaba. Ko shi ko ita ba wanda ya tsaya ya yi tunanin me wani zai ce in ya tono tukunya a gindin tsamiya.

Aka ba da Jigawa a 1991, aka yi murna, aka shiga rabon ma'aikata da kujeru da motoci. Shekara na zagayowa aka mayar da Rebecca Kano. Ta ce masa ya ci gaba in ya samu dama, za ta dawo ta kwashe tukwanen in ta samu wurin ajiya. Ta bar masa galan ɗaya na sifirit da fensir shida. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya tambaye shi, amma damina biyu ya ƙara yana yawonsa.

Sabon shugaban da aka kawo Gidan Iri sunansa Abdulnasir. Matashi ne, ya yi karatu, fannin ƙasa da taki ya karanta, kuma yana son a ga aikinsa da wuri, sabuwar jiha ce kowa na neman a san da shi. Tun da ya zo yake fama da ciwon kai da wani kumburi a ƙafa da ya ƙi jin magani, kuma an samu masu raɗa masa cewa wurin nan ba a shigarsa da ka. Wata rana, gaban baƙin da suka zo daga Dutse, ya ce baɗi za a kai gajerar dawa Kwandiko. Sada yana gefe riƙe da fartanya, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, ban da Kwandiko. In an kai ta can ba za ta yi ba." Baƙin suka yi dariya, ɗaya ya ce ashe akwai farfesa a cikin leburorin. Abdulnasir bai yi dariya ba. Bai kuma ce masa don me ba. Da ya tambaya, da a ranar an tono tukwanen da hannun mai su, da duk wannan labari bai taso ba.

Wata biyar bayan haka aka ce za a ƙara ɗakin ajiya, aka sa masu haƙa su fara daga wajen tsamiya. Ranar Sada ya makara, tayar kekensa ta yi faci a hanya. Ko da ya iso ya tarar da taro. Tukwanensa uku suna waje, ɗaya a fashe, kwalabe a warwatse a ƙasa, jan zare da baƙi. Mai gadi, wanda shi ma ya yi allo, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a rana yana karanto abin da ke ciki. Sunaye ne. Sunan wane na Sundimina, sunan wane na Kwandiko. Wasu daga cikin masu haƙar suka ji an kira iyayensu. Aka ɗago wata babu ƙwaro a ciki, mai gadi ya karanta, "Alhaji Dabo, Wurno." Alhaji Dabo kuwa bara ya rasu, ciwon kwana uku. Wani daga baya ya ce ai shi ke nan, wadda babu komai a ciki an riga an gama da mai ita. Sannan aka ɗago wata mai baƙin zare, ƙwari huɗu na yawo a ruwa, mai gadi ya dubi shugaba ya sauke kwalbar. Aka ce ya karanta. Ya ce, "Abdulnasir, bayan ofis, Rabi'us Sani." 'Yar gonar da shugaba ya sa aka noma masa ce a bayan ofis, Sada ya bubbuge ta kamar kowace.

Sada ya jingine keke ya matso. Ya ce, "Ranka ya daɗe, nawa ne. Ƙwaron dawa ne, aikin Malama Rebecca ne, a bari in yi bayani."

"Ƙwaron dawa ne ya san sunana?" in ji Abdulnasir. Ya nuna ƙafarsa da ke naɗe. "Wata goma sha ɗaya ina jinya. Ashe kai ne. Matsafi, kana kiran salla kana binne mutane."

Sada ya sake buɗe baki, aka ce ya yi shiru. Aka tara kwalaben a rami aka zuba kananzir aka ƙyasta ashana. Sifirit in ya kama, wutarsa shuɗiya ce, kowane ɗan sakandare ya san haka, balle wanda ya je jami'a. Amma da aka ga shuɗin harshe na tashi, kwalabe na fashewa ɗaya-ɗaya, sai mutane suka ja da baya suna neman tsari, shi kuma mai ilimin yana tsaye bai ce uffan ba. Wannan fa a wurin da aka kafa don bincike. Waya ɗaya zuwa Kano ta isa. Takarda ɗaya ta isa. Ba a yi ba. Aka ce Sada ya ɗauki kekensa, kada a sake ganin ƙafarsa.

Labari ya riga shi isa Wurno. Da magariba ya yi alwala ya nufi inda yake tsayawa, sai liman ya tare shi a ƙofa. Liman ba mugu ba ne, tare suka yi allo. Ya riƙe hannunsa ya ce ya ɗan huta da kiran tukuna, har ƙura ta lafa, 'ya'yan Alhaji Dabo suna cikin zafi. Sada ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Liman ya ce, "Ka dafa a kan me, Malam Sada? Ba wanda ya kawo ƙararka." Nan gizo ke saƙar. Da an kai shi gaban alƙali, da ya kira shaida an wanke shi ko an ɗaure shi. Ba a kai shi ko'ina ba. An dai bar shi da sunan, kamar wanda aka shafa wa kashin kaji aka hana shi ruwa.

Ƙurar ba ta lafa ba. Ya shiga sahu, sai na damansa ya ɗan ja, na hagunsa ya ɗan ja, a bar masa tazarar da akuya za ta iya wucewa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana cewa a daidaita sahu. In an yi suna a unguwa ba a aiko masa goro, in an yi rasuwa ya je gaisuwa sai hira ta mutu. Mata suka daina aron rariyar Hapsatu. Ita ba mai haɗiye magana ba ce, ta tsaya a bakin rijiya ta faɗa musu tas, ta ce ita ta wanke wasu kwalaben da hannunta, in tsafi ne to ita ce uwar matsafa. Suka bar ta ta gama suka ɗauki tulunansu. Da ta koma gida tana huci, Sada ya ce ta bari, wanda ya ɗaura shi ne zai kwance.

Sai daminar 1995 aka kai gajerar dawa Kwandiko. Ta fito kore shar, ta yi kai gwanin sha'awa, aka zo aka ɗauki hoto. Da aka sussuka sai ga ƙwaya ja, motsattsiya, ta farfashe a turmi. Gidaje da yawa da suka bar farfararsu suka rungumi sabuwa sun ci tuwon da ba ya kwana har wata kakar. Mai hankali zai ce to yanzu gaskiyar Sada ta fito. Ina. Cewa aka yi ai shi ya yi mata baki. Ya ce ba za ta yi ba, ga shi ba ta yi ba, wace shaida kuma ake nema? Saninsa ma ya koma laifi.

Rebecca ba ta dawo ba sai 1997. Ta zo da wasu masu bincike da ke son zana taswirar inda ƙwaron yake a faɗin arewa, tana ta yi musu alfahari a hanya cewa a kudancin Jigawa akwai aikin shekaru a binne yana jiransu. Ta sauka ta nufi tsamiya ta tarar da gini. Mai gadi ya ba ta labari. Sannan ta shiga ofishin Abdulnasir ta buɗe akwatinta, ta jera masa kwalabenta a kan tebur, iri ɗaya sak, ƙwaro da sifirit da takardar fensir a ciki. Ta ce ya duba, ko ita ma matsafiya ce. Ya daɗe yana kallonsu. Ƙafarsa ta riga ta warke tun da aka yi masa aiki a asibiti aka gano abin da ke damunta. Ya ce kuskure ne, lokacin ba ya cikin hayyacinsa. A cikin ofis ya faɗa, ƙofa a rufe, daga shi sai ita.

Ta wuce Wurno. Da ta ga Sada ta kasa gaishe shi yadda ya kamata, ta ce, "Baba, ni na jawo maka." Ya ce Allah ya ƙaddara, ta zauna ta sha ruwa. Ta je ƙofar dagaci ta yi bayani a gaban duk wanda ke wurin, ta nuna kwalabe, ta ba da gilashi aka leƙa. Wasu suka gamsu. Wasu suka ce to dama wa ya koya masa, ai malamarsa ce, me za ta ce? Ba ta da ikon shiga masallacin ta tsaya ta yi magana, kuma ba ita ta yi zargin ba balle janyewarta ta yi nauyi.

Wuni biyu ta yi a zauren gidansa da littafi a cinya, yana karanto mata daga ka: gonar wane, shekara kaza, ƙwari kaza, akwai zurma a kusa ko babu. Bai yi tuntuɓe ba sai a wurare ƙalilan, inda ya ce ba shi da tabbas kada ta rubuta. Amma abokan tafiyarta suka ce a ƙa'idar aikinsu ba a sa ɗigo a taswira sai da ƙwaron a hannu. Damina ɗaya suka samu suka zaga, ita ma iyakarsu bakin titi. Shekarun da ya tara, wace ta yi ruwa, wace ta yi fari, sun tafi cikin ramin nan.

Bayan tafiyarta da mako guda direban Gidan Iri ya yi sallama da ƙunshi, shadda ce yadi goma, wai in ji shugaba, a yi haƙuri. Sada ya karɓa ya duba, ya yaba kyanta, ya mayar masa.

"Ka gaishe shi," in ji shi. "Ka ce ina da riga. A gaban mutane ya faɗa, a gaban mutane zai gyara."

Direba ya tafi, ba a sake jin komai ba. Abdulnasir ya samu ƙarin girma ya koma Dutse.

Yanzu Sada ya haura sittin. Idon nan da ake kira in allura ta ɓata ya fara hazo, sai ya kai abu kusa da hanci yake gani. Yana noma 'yar gonarsa, farfara ce kawai a ciki. Lokaci-lokaci wani manomi daga Kwandiko ko Sundimina zai zo ya tsaya daga nesa da ƙofa, ya tambaya a hankali wace dawa zai sa bana, ko ya sare zurmar da ke bayan gonarsa. Sada ya faɗa masa duk abin da ya sani, bai taɓa hana kowa ba. Mutumin ya yi godiya ya tafi, in sun haɗu ranar kasuwa ya kau da kai. A masallaci tazarar ta ragu, yara sun taso ba su san mafarin zancen ba, amma sun san sunan, don sun ji shi a bakin iyayensu. 'Ya'yan Alhaji Dabo har yau ba sa amsa sallamarsa. Kwanaki da ya kwanta zazzaɓi ya ce wa Hapsatu shi ba mutuwa yake tsoro ba, tsoronsa kada a tsaya a kan gawarsa ana tambayar juna ko ya halatta a sallace shi.

To, Malam Abdulnasir, daga Dutse zuwa Wurno ba tafiyar kwana ba ce. Kai da mai gadin da ya karanta sunaye, da duk wanda ya tsaya a wurin ranar yana da ilimin da zai ce a dakata bai ce ba, ku zo ranar Juma'a, lokacin da mutane suka fi taruwa. Ba a neman shadda, ba a neman wasiƙa. A kira liman, a kira dagaci, a kira 'ya'yan Alhaji Dabo su zauna a gaba. Ka tashi tsaye ka faɗa da bakinka, da ƙarfin da ka faɗi waccan, cewa ƙwaron dawa ne a kwalaben nan, kuma Sada bai cuci kowa ba, kai ka cuce shi. Ka zo tun yana da kunnen ji.